Labarin Florence Nightingale, Mai Fitila

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti, ko a Dutsin-Ma, ko a Kurfi, ko can cikin birnin Katsina, ya san yadda dare yake a ɗakin marasa lafiya. Likita ya gama zagayensa ya tafi. Masu zuwa gaisuwa sun kwashe kwanukansu sun watse. Ɗan'uwan da ya zo jinya ya shimfiɗa tabarma a gefen gado, barci ya sace shi. Wanda ya rage da ido biyu shi ne nas, ko mace ko namiji. Shi ne zai ji numfashin yaro ya sake, shi ne zai ga ƙarin ruwan da aka ɗaura wa tsohuwa ya tsaya, shi ne kuma zai yanke shawara ko a ta da likita yanzu ko a bari sai gari ya waye. Sau da yawa ran mutum yakan rataya a kan wannan shawara.

A wannan wata muna so mu ba ku labarin macen da ta mai da wannan aiki sana'a wadda ake koya a makaranta, sunanta Florence Nightingale. Da yawa cikinmu mun taɓa ganin hotonta cikin littafi, tana riƙe da fitila, tana bi tsakanin gadajen sojoji. Hoton nan ba ƙarya ba ne, amma ya ɓoye rabin labarin. Fitila ba ta warkad da kowa ba. Abin da ya ceci mutane shi ne tsintsiya, da sabulu, da gyaran kwata, da littafin da ake rubuta yawan waɗanda suka mutu da abin da ya kashe su.

An haife ta ran 12 ga watan Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, sa'ad da iyayenta suke yawon ganin ƙasashe, sai suka sa mata sunan garin. Mutanen Ingila ne masu dukiya ƙwarai. Suna da manyan gidaje biyu, ɗaya wajen arewa ana ce da shi Lea Hurst, inda sukan yi kwanakin zafi, ɗaya a kudu ana ce da shi Embley. 'Ya'yansu biyu ne kaɗai, duka mata, Florence ce ƙarama. Ubanta, William Nightingale, bai ɗauki ilimi na maza ne kaɗai ba. Shi da kansa ya koya musu Helenanci da Latin da Faransanci da Jamusanci da tarihi. Ita kuwa abin da ta fi ƙauna shi ne lissafi, har sai da ta yi ta roƙo kafin a yarda ta zurfafa a cikinsa, gama uwarta ba ta ga abin da lissafi zai ƙara wa yarinyar da za ta yi aure ba. Ku riƙe wannan zance na lissafi, za mu komo kansa.

Ran 7 ga Fabrairu, 1837, tana da shekara goma sha shida, ta ji a ranta Allah ya kira ta zuwa hidimarsa, ta kuwa rubuta ranar cikin takardunta. Amma ba ta san ko wace irin hidima ce ba. Ta yi shekaru tana neman sani, tana ziyartar matalauta marasa lafiya a ƙauyukan da ke kusa da gidansu, kafin ta tabbata jinya ce aikinta. A 1845 ta roƙi iyayenta su bar ta ta tafi asibitin garin Salisbury ta yi wata uku tana koyo. Uwarta da yayarta suka ta da hankali, aka hana ta.

Kada mu yi saurin ba su laifi. A zamanin nan asibiti a Ingila wurin matalauta ne, mai hali a gidansa ake jinyarsa. Ɗakunan cike suke da wari, akan kwantad da sabon mara lafiya a kan zanen gadon da wani ya tashi daga kai ba a wanke ba. Matan da ke aikin jinya kuwa yawancinsu ba wanda ya koya musu kome, ladarsu kaɗan ce, an kuma san da yawa cikinsu da shan giya. Ɗiyar babban gida ta ce za ta shiga cikinsu, daidai yake da ɗiyar hakimi ta ce za ta tafi aikatau.

Shekara takwas ta yi cikin wannan ɗauri. Takan tashi da asuba ta kunna kyandir, tana karanta rahotannin gwamnati a kan asibitoci da lafiyar jama'a, tana kwafe lissafinsu, kafin a kira ta karin kumallo. Wani mutum mai ilimi, ɗan majalisa, sunansa Richard Monckton Milnes, ya daɗe yana neman aurenta, ita ma tana sonsa, amma a 1849 ta ƙi, domin ta ga auren zai rufe mata ƙofar aikin. Ba ta yi aure ba har ta mutu. Ba muna cewa haka ya kamata kowace nas ta yi ba, gama duk mun san nas-nas masu miji da 'ya'ya waɗanda suka riƙe aikinsu da aminci. Abin da zamaninta ya tilasta mata ke nan.

Waɗansu abokan gidansu suka ɗauke ta tafiya zuwa Roma, inda ta saba da wani mutum mai suna Sidney Herbert da matarsa. Daga baya suka kai ta Masar. A kan hanyar komowa, a 1850, ta ratse wani gari a Jamus, Kaiserswerth, inda wani pasto, Theodor Fliedner, ya kafa gida tun 1836 domin koya wa mata masu bi hidimar marasa lafiya da marayu. A 1851 ta koma can ta yi kamar wata uku, tana tashi tun da duhu, tana cin abincin talakawa, tana aiki da hannunta. Koyarwar jinya a wurin ba ta da zurfi, ita kanta ta gane haka, amma a can ta ga mata masu mutunci suna wannan aiki ba wanda ya rena su.

A 1853 ubanta ya sauko, ya yanka mata fam 500 kowace shekara, ta zama shugabar wani ƙaramin gidan jinyar mata a titin Harley cikin Landan. Nan aka fara ganin irin hankalinta. Ta sa aka ja famfon ruwan zafi zuwa kowane bene, aka yi abin hawad da abinci daga madafa, aka sa ƙararrawa mai nuna ko wane mara lafiya ne ya yi kira. Dalilinta shi ne, nas da ta ƙare ƙarfinta wajen hawa da sauka da bokiti ba ta da sauran ƙarfin duban mara lafiya. Kwamitin gidan ya so a riƙa karɓar 'yan ekklesiyar Ingila kaɗai. Ta ƙi, ta nuna musu in haka ne za ta ajiye aikin, sai aka buɗe ƙofa ga 'yan Katolika da sauransu.

A watan Maris, 1854, Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha, suna taimakon Sarkin Santambul, watau na Turkawa. Aka gwabza a wata ƙasa da ake kira Kirimiya, a bakin Bahar Aswad. Wanda aka yi wa rauni, ko ya kamu da ciwo, sai a sa shi a jirgin ruwa a ƙetare teku da shi, tafiyar mil 300, ta fi nisan Katsina zuwa Kaduna, a kai shi wani tsohon barikin sojan Turkawa a Sukutari, hayin Santambul, wanda aka mai da shi asibiti. Wakilan jaridar The Times suka rubuto gida cewa sojojin Faransa suna da sistoci masu jinyarsu, na Ingila kuwa ko ƙyallen ɗaure miki bai ishe su ba. Jama'a suka husata. Sidney Herbert, wanda a lokacin yana cikin manyan gwamnati masu kula da sha'anin soja, ya rubuta wa Florence takarda yana roƙonta ta tafi. Ashe ita ma ta riga ta rubuta wa matarsa tana miƙa kanta, takardun suka yi saɓani a hanya. Ran 21 ga Oktoba ta tashi daga Landan da mata 38, waɗansu sistocin Katolika, waɗansu na ekklesiyar Ingila, waɗansu kuwa ma'aikatan asibitoci. Suka isa Sukutari a farkon Nuwamba.

Abin da suka tarar ya fi abin da jarida ta faɗa. Mutane kwance a ƙasa cikin rigunan da aka harbe su da su, ƙwarƙwata ta cika su, ɓeraye suna yawo a ƙarƙashin daɓen katako. Masai ya toshe ya malalo, an jera manyan bahuna a ɗakuna ana zagayawa a ciki, su yini ba a zubar ba. Babu sabulu, babu tawul, babu cokali.

Likitocin soja ba su yi murna da zuwansu ba, suna ganin mata ba su da wuri a asibitin soja. Abin da Florence ta yi a nan ya yi wa matan da ke tare da ita zafi ƙwarai. Ta hana kowace nas shiga ɗakin marasa lafiya, ko ba da abinci, ko ba da magani, sai likita ya nema. Suka zauna kwanaki suna ɗinkin matasai da naɗin bandeji, alhali suna jin nishin mutane. Waɗansunsu suka zarge ta da taurin zuciya. Ita kuwa ta san idan suka kutsa da ƙarfi za a kore su, a ce mata ba su iya aiki a ƙarƙashin doka ba, ƙofa ta rufe ke nan har shekaru masu yawa. Ba a daɗe ba waɗanda aka yi wa rauni a yaƙin Inkerman suka fara sauka ɗari bisa ɗari, likitoci suka rasa inda za su sa kansu, suka nemi hannu. Ƙa'idar da ta tsaya a kai tun daga nan har ƙarshen ranta ita ce, likita ne mai faɗin ciwo da maganinsa, nas ce mai aikatawa da lura da kawo labari. Amma horon nas-nas da tsawata musu a hannun shugabarsu yake, ba a hannun likita ba. Watau nas ba baran likita ba ce, abokiyar aikinsa ce mai nata fanni.

Da ƙofa ta buɗe, ba magani ta fara nema ba, buroshi 200 ta saya na goge daɓe. Ta kama hayar wani gida ta sa tukwanen tafasa ruwa, ta ɗauki matan sojoji aikin wanki. Da kuɗin da masu karanta The Times suka tara, da nata na kanta, ta sayo riguna da safa da kwanuka da cokula a kasuwar Santambul. Ta buɗe madafa ta musamman domin waɗanda cikinsu ba ya iya ɗaukar dafaffen naman bariki, daga baya kuma wani shahararren kuku Bafaranse, Alexis Soyer, ya zo ya gyara dahuwar asibitin duka. Ta samo labule a riƙa karewa sa'ad da ake yanke wa mutum ƙafa, domin kada na kusa da shi, wanda za a yi wa gobe, ya gani. Idan soja ya mutu takan rubuta wa uwarsa ko matarsa ta gaya mata yadda ya cika. In ƙarfe takwas na dare ya yi sai nas-nas su koma masaukinsu, ita kaɗai ce mace da takan zaga, da fitilar Turkawa irin mai naɗewa, tana bin jerin gadaje da tsawonsu ya kai mil huɗu. Daga nan sunan mai fitila ya fito.

Amma ga abin da ba a cika faɗa wa yara ba. Duk da wannan wahala mutuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi. Cikin hunturun nan na fari sojoji 4,077 suka mutu a Sukutari. A watan Fabrairu, 1855, cikin kowane mutum ɗari da aka kwantar, wajen 42 suka mutu. Ba harsashi ne ya kashe yawancinsu ba, atuni ne, da amai da gudawa, da zazzaɓin taifot, da wani zazzaɓi da ƙwarƙwata ke kawowa. Gaskiya ne sukan iso da yunwa, sanyi ya ci musu yatsu, amma ginin kansa yana kisa. An gina shi a kan manyan magudanan ƙazanta waɗanda suka toshe, ruwan sha kuma ya ɓaci. A watan Maris gwamnati ta aiko da kwamitin tsabta, cikinsu akwai likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka buɗe magudanan suka wanke, suka kwashe juji amalanke ɗari-ɗari, suka huda tagogi iska ta shiga, suka shafe bango da farar ƙasa. A cikin hanyar da ruwan sha ke bi suka tarad da mushen doki. Kafin watan Yuni mutuwa ta komo wajen mutum biyu cikin ɗari. Sanyi ya wuce, cunkoso ya ragu, abinci ya samu, duk sun taimaka, amma ba mai musun rabon tsabta a ciki.

Ya kamata mu ratse kaɗan mu ambaci wata mace, Mary Seacole, mutuniyar Jamaika, jinin Afirka ta wajen uwa, wadda ta san jinyar amai da gudawa tun a ƙasarsu da Panama. Ta zo Landan ta nemi a tura ta, aka ƙi ta, ita kuwa ta yi zaton launin fatarta ne sanadi. Sai ta tafi da kuɗinta, ta kafa masauki kusa da Balaklaba, tana sayad da abinci, tana ba sojoji magani, har bakin daga takan je. Sojoji sun ƙaunace ta ƙwarai. Ta rasu a 1881, aka manta da ita shekaru da dama kafin a sake tunawa.

A watan Mayu, 1855, Florence ta ƙetare zuwa Kirimiya ta duba asibitocin can, zazzaɓi ya kama ta har aka fid da rai. Ta tashi, ta ƙi komawa gida sai da aka gama yaƙi. Likitocin zamanin yanzu da yawa suna ganin ciwon nan shi ne wanda ake ɗauka daga madarar dabbobi wadda ba a tafasa ba, kuma shi ne ya riƙa komo mata har ya kwantad da ita shekaru masu yawa. A watan Agusta, 1856, ta komo Ingila a ɓoye da sunan aro, ta guje wa masu shirin taryarta da kiɗa, ta shiga gidansu da ƙafa.

Yanzu ne za mu komo kan lissafi. Ƙasa duka tana yabonta, amma ita hankalinta yana wurin kaburburan Sukutari. Ta gana da Sarauniya Biktoriya, ta yi ta matsa wa gwamnati har aka kafa babban kwamitin bincike a kan lafiyar soja a 1857. Ta zauna da wani masanin ƙididdiga, likita William Farr, suka bi littattafan mutuwa wata-wata. Lissafi ya nuna sojojin Ingila da ciwo ya kashe a yaƙin nan sun kai 16,000, sun ninka waɗanda makami ya kashe har sau uku ko fiye. Ya nuna kuma mutuwa ta yi yawa ƙwarai a asibitin da ita kanta take aiki, har ran da aka gyara magudana. Wani mutum da ya ga haka sai ya rufe littafin ya ci gaba da karɓar yabo. Ita kuwa ta buga lissafin kowa ya gani. Da ta san manya ba su da haƙurin karanta jerin lambobi, sai ta zana shi kamar faifai da aka raba kashi goma sha biyu, kowane kashi wata guda, shuɗi na waɗanda ciwon da za a iya hanawa ya kashe, ja na masu rauni, baƙi na sauran. Shuɗin ya cinye takardar. Ta kuma nuna cewa ko a lokacin salama, soja a barikin Ingila yana mutuwa kusan ninki biyu na tsaransa da ke cikin gari. A 1858 ƙungiyar masanan ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, ita ce mace ta fari da ta shiga. Saboda haka idan kun ga nas tana cika kati, tana rubuta zafin jiki da bugun jijiya da lokacin da aka ba da magani, kada ku ce ta bar mara lafiya tana rubuce-rubuce. Katin nan shi ne idon wanda zai karɓe ta aiki da dare.

A ƙarshen 1859 ta fitad da wani ɗan littafi, Notes on Nursing, ba domin ma'aikatan asibiti kaɗai ba, amma domin kowace mace da ke da mara lafiya a gida. Da muka duba abin da ke ciki sai muka ga kamar ta taɓa shiga ɗakunanmu. Ta ce gida mai lafiya yana bukatar abu biyar, iska mai kyau, ruwa mai kyau, magudana, tsabta, da haske. Mu kuwa in mutum ya kwanta ciwo sai mu toshe taga da tsumma, mu sauke asabari, mutum goma su shiga gaisuwa su zauna a ɗaki ɗaya. A ƙasarmu, inda sanƙarau ke zuwa da rani, amai da gudawa kuma da damina, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ta hana yin raɗa a bakin ƙofar mara lafiya, gama zai kasa kunne yana zaton zancen mutuwarsa ake yi. Ta hana ta da shi daga barcinsa na fari. Ta yi faɗa da masu zuwa gaisuwa waɗanda kowannensu yana da maganin da ya warkad da wani ɗan'uwansa, da masu gaya wa mutum ba kome alhali shi ya san akwai kome. Wane ne cikinmu bai taɓa yin ɗaya daga cikin waɗannan ba? Ta ce nas ta riƙa wanke hannunta sau da yawa a yini, ta kuma lura da fatar wanda ya daɗe a kwance, gama gyambon kwanciya yawanci laifin jinya ne, ba na ciwo ba.

Abin da ta fi nanatawa shi ne lura. Ba ya isa a tambayi mara lafiya ko ya kwana lafiya, gama Bahaushe ko yana bakin mutuwa zai amsa da lafiya lau, ashe mutanen Ingila ma haka suke. Sai a tambaye shi sa'a nawa ya yi barci, da wane lokaci. Ba ya isa a ce ya ci abinci, sai a san cokali nawa ya shiga, nawa ya rage a kwano. Nas ta gaya wa likita abin da ta gani da idonta, ba abin da take tsammani ba, in kuwa ba ta duba ba ta ce ba ta duba ba. Akwai kuma wata aya da muke ganin ta fi sauran wuya. Nas ta gari ba ita ce wadda kome ke tafiya daidai sa'ad da tana nan kaɗai ba, ita ce wadda ta shirya al'amura har kome ya tafi daidai sa'ad da ba ta nan.

Tun tana Sukutari jama'a suka tara mata kuɗi fiye da fam 44,000. Da su aka buɗe makarantar koyon aikin nas a asibitin St Thomas na Landan a 1860, da ɗalibai goma sha biyar, a ƙarƙashin shugabar nas-nas ta asibitin, Sarah Wardroper. Shekara guda suke yi suna koyo a bakin gado. Kowace ɗaliba tana da takardar da ake rubuta gwanintarta wajen ɗaure miki da gyaran gado da lura, a rubuta kuma halinta, ko tana zuwa a kan lokaci, ko mai gaskiya ce, ko mai natsuwa ce. Waɗanda suka gama aka riƙa aika su su kafa irin wannan tsari a waɗansu wurare, har Ostareliya. Ɗaya daga cikinsu, Agnes Jones, ta tafi asibitin gidan matalauta na Liverpool a 1865 da nas goma sha biyu, inda marasa lafiya fiye da dubu suke kwance ba mai dubansu sai 'yan'uwansu matalauta. Ta gyara wurin, amma zazzaɓin ƙwarƙwata ya kama ta, ta rasu a 1868 tana da shekara 35.

Ba duk abin da Florence ta taɓa ne ya yi kyau ba. Ta buɗe sashen koyon unguwarzoma a asibitin King's College, sai zazzaɓin bayan haihuwa ya shiga yana kashe masu jego. Da lissafi ya nuna haka aka rufe sashen a 1867, ba a ɓoye dalili ba. Ta daɗe tana ganin mugun wari ne ke kawo ciwo, sai daga baya ta yarda da zancen ƙwayoyin cuta, ko da yake tsabtar da ta koyar ta yi maganinsu tun ba ta san su ba. Mace ce mai zafi, ba ta jin tausayin mai gajiya, har Sidney Herbert ma ta yi ta matsa masa da aiki yana cikin ciwon da ya kashe shi a 1861. Ta kuma ƙi yarda a yi wa nas-nas rajistar gwamnati, tana ganin jarrabawa ba ta auna hali. A nan duniya ba ta bi ta ba, muna kuwa ganin duniya ce da gaskiya. Ingila ta yi dokar rajista a 1919. A Nijeriya ma sai wanda Majalisar Nas-nas da Unguwarzoma ta yi wa rajista yake da ikon yin aikin, majalisar da aka haɗa wuri ɗaya da dokar 1979. Rajistar nan ce ke raba nas na gaske da wanda ya sayi farar riga ya buɗe shago yana yi wa mutane allura.

Daga kan gadonta a Landan ta yi ta aiki shekaru da dama, tana rubuta wasiƙu dubbai, tana duba zanen sababbin asibitoci, tana matsa wa gwamnati a kan ruwan sha da tsabtar ƙauyukan Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Afirka ta Yamma ma ba ta zo ba, amma makarantarta ta iso mu. A 1946 wata 'yar Legas, Kofoworola Abeni Pratt, ta shiga makarantar nan ta St Thomas. Ta komo gida ta yi aiki a asibitin jami'a na Ibadan, ta zama shugabar nas-nas a can a 1964, a 1965 kuma ta zama babbar jami'ar aikin nas ta ƙasa duka. Ranar haihuwar Florence, 12 ga Mayu, ita ce ranar da ake tunawa da nas-nas a duniya kowace shekara.

Da tsufa ya zo idonta ya rufe, tunaninta kuma ya raunana. A 1907 Sarkin Ingila ya ba ta wata babbar lambar girma wadda ba a taɓa ba mace ba kafin ita. Ta rasu cikin barci ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Aka so a binne ta a babban majami'ar Westminster tare da sarakuna da manyan ƙasa, amma danginta suka ƙi, bisa ga abin da ta bari. Sojoji shida suka ɗauki akwatin gawarta zuwa makabartar wata ƙaramar majami'a a ƙauyen East Wellow, kusa da Embley, inda iyayenta suke. A kan dutsen kabarin, ta gefenta, ba a rubuta cikakken sunanta ba, sai haruffa biyu, F da N, da ranar haihuwa da ta rasuwa.